Makon da Na Saya Ya Ƙi Bin Wata

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kai ka Dammam lami lafiya, ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama. Ummanka ce ta cusa ta tsakanin rigunanka, don haka idan ta yamutse ka san wanda za ka tuhuma. Da gangan na rubuta da Hausa. Ka daure ka bi ta sannu a hankali, inda ka kakare ka kira Ummanka, kada ka ba waya ta fassara maka ta mayar da ni wani Balarabe.

Ranar Juma'a muna cin abinci ka roƙe ni abu guda. Ka ce in mayar da makonmu da sunanka, wato makon nan da na saya a masaukin da ke jikin babban wurin wasan nan na ƙasar maƙwabta, wanda ɗakin yake zama namu kwana bakwai a kowace shekara. Ka ce, da irin kiran da yaran ƙasar nan suke yi wa uba, "Yuba, yanzu ina da albashi, ni zan riƙa biya. Ko kun koma Funtuwa zan turo muku tikiti, mu haɗu a can duk shekara." Na ci gaba da cin shinkafata. Na ga yadda fuskarka ta sauya, ka ɗauka ina ganin ba ka isa ba ne. Ba haka ba ne ko kaɗan. Amsar ce ta fi ƙarfin zaman cin abinci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da ranar da muka fara zuwa, don kai abin da ka riƙe na yaro ne. Hutun ƙaramar Salla ne, sitonmu na Birnin Masana'antu a rufe, mudir, wato manajanmu, ya sa hannu an yi mana takardar fita da dawowa. A waje zafi kamar zai narka takalmi. Muka shiga wata ƙofa, sai ga gari guda sukutum a ƙarƙashin rufi, da tituna da bishiyoyi da rafi, an zana sama a bisa kanmu har gajimare suna tafiya, ga sanyi. Ni da na taso ina kora awaki a bayan Funtuwa, na tsaya sororo baki buɗe har wani ya ture ni. Can sai wani jirgi ya wuce a kan dogon ƙarfe, ya kifa mutane ƙafa sama kai ƙasa, ya dawo da su suna dariya, ba wanda ko hularsa ta faɗi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira. Har gobe idan na tuna tsikar jikina tashi take, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ka ja ni muka hau. Kai kana ihun murna, ni ina salati da ƙarfi, muka sauko ka ce a sake.

A wannan halin aka kama ni. Washegari kun tafi wajen ruwa kai da Ummanka, wani saurayi mai fara'a ya gayyace ni wani ɗaki, ya zuba mini gahawa ya tura mini dabino. Ya tambaye ni ko yaron ya ji daɗi. Ya ce me zai hana wannan mako ya zama nawa har abada, in bar wa 'ya'yana, su bar wa nasu. Ba zan ɗora masa ƙarya ba, bai yaudare ni ba. Ya faɗa ƙarara cewa wannan makon ne na shekara, kuma haka yake a rubuce. Ni ne ban tambayi shekarar wa ba. Igamata, wato takardar izinin zamana a nan, da wata ake lissafa ta, hayar gidanmu na Suwaidi da wata nake biya, azumina da Sallata da wata suke zuwa. A kaina ba wani mako da muke ciki sai makon Salla. Na sa hannu ina ganin na sayo wa gidana Salla ta dindindin, a ɗaki mai sanyi, kusa da abin mamakin nan.

Abba, kada ka sa hannu a takarda ranar da zuciyarka take cike, ko da murna ce ta cika ta. Mutane suna tsoron yanke shawara cikin fushi, amma murna ta fi fushi iya rufe ido, don ba ka ma jin kana bukatar ka yi hattara. Duk abin da aka ce maka yau kaɗai ake sayarwa, ka sha gahawarka ka yi godiya ka je ka kwana. Idan abin kirki ne za ka tarar da shi da safe.

Na ɓoye wa Ummanka har muka dawo Riyad, wai zan ba ta mamaki. Na shimfiɗa takardun a kan kafet ina washe baki. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, wannan makon naka yana tafiya ne?" Na ce tafiya kamar yaya. Ta ce, "Ai Salla ba ta zama wuri guda. Na yi azumi da rigar sanyi ina amarya, bana kuwa ka ga irin wanda muka yi." Abu ne da na sani tun ina makarantar allo, cewa shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma da 'yan kai. Na sani sarai, na dai ajiye sanin a bakin ƙofar ɗakin gahawa. Ba ta yi mini gori ba ranar, ta tara shi ne ta riƙa ba ni kaɗan kaɗan tsawon shekaru. In Allah ya ba ka abokiyar zama, kada ka ba ta mamaki da abin da zai bi ku kowace shekara. Mamaki a yi shi da turare ko atamfa. Abin da ke da saka hannu kuwa, a shimfiɗa shi gabanta tun alƙalami yana aljihu.

Shekara ta zagayo, Salla ta zo ta wuce, makona yana can gaba tsaye ƙiƙam inda na bar shi. Shekarar da ta biyo tazarar ta ƙaru. A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne ci mini rai, kuma ban taɓa zama na yi maka bayaninsa ba. Hutun mai kula da sito ba a hannunsa yake ba. Ana rufewa da Salla, amma dole a bar mutum ɗaya saboda manyan motocin da ke isowa daga tashar jiragen ruwa, waɗanda ba ruwansu da biki. Kowa gudun wannan zaman yake. Sai na je wa mudir na ce ni zan riƙa tsayawa da Salla, shi kuma ya ba ni makona. Ya dube ni ya ce, "Ya shehu, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce halas, shi ke nan, har yana dafa mini kafaɗa, don na raba shi da rigimar kowace shekara.

Ka tuna Sallolin da Malam Habu maƙwabcinmu yake riƙe hannunka zuwa Idi tare da 'ya'yansa? Abin da ya jawo ke nan. Ina yin sallar Idi a ɗan masallacin unguwar masana'antu da direbobi da masu gadi, in koma in zauna tsakanin kwalaye, Ummanka ta aiko mini da waina ta huce a hanya. Ina gaya wa kaina ai ba komai, zan rama muku a wurin wasa. Wata shekara na dawo da yamma na tarar ka cire kayan Sallarka an ninke. Na ce ka mayar in gani. Ka ce, "Yuba, ai Salla ta ƙare." Ba da fushi ka faɗa ba, labari kawai ka ba ni. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado na daɗe.

Ka ga abin da na yi? Na sayi abu don Salla, na koma ina biyan kuɗinsa da Sallar kanta. Kuma ba don daɗin wurin kaɗai nake yi ba, har da gudun a ce na yi asara. Mutum yakan ƙara zuba rayuwarsa a cikin kuskure don kada a kira shi kuskure. Idan ka ga kana kare wani abu da ka saya fiye da yadda kake morarsa, ka tsaya ka tambayi kanka wa ke yi wa wani hidima tsakaninku.

Amma kada in yi wa Allah butulci, akwai shekarar da abin ya yi daidai. Wata ya yi ta matsowa baya har babbar Salla ta faɗo tsakiyar makonmu. Na tsaya a barandar ɗakin bayan magariba, ina jin kabarbari daga masallatai, fitilun wurin wasa suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, ka fito da farar jallabiya ka kusa kamo ni tsawo. Abin da ya kama ni ba fitilun ba ne. Tunanin wannan tsari ne: yadda Ubangiji ya ɗaura ibada a kan wata, ya sa ta zagaya zafi da sanyi, damina da rani, don kada wata ƙasa ta dawwama da azumin dogon yini wata ta dawwama da gajere. Ba sarkin da zai tsayar da Salla a lokacin da ya fi masa daɗi. Ni kuma mai ƙidayar kwalaye na ɗauka na ɗaure ta da saka hannu ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai, hawaye na zubo mini, Ummanka ta leƙo ta ce ko lafiya.

A wannan shekarar ce kuma muka fara ganin layi biyu a bakin kowane lilo. Da, tikitin shiga shi ne komai: ka biya a ƙofa, ka hau abin da ka ga dama, mai kuɗi da talaka su tsaya a layi ɗaya suna fifita. Sai ga wata siririyar hanya a gefe an ja mata jan igiya, mutane suna nuna waya suna wucewa. Na je wajen yarinyar da ke tsaron wurin da ƙarfin gwiwa na ce mu masu ɗaki ne a nan, ba baƙi ba. Ta yi murmushi cikin ladabi ta ce masauki daban, wasa daban. Nan ne kuskurena na gaba ya bayyana. Na ɗauka wanda ya mallaki ɗaki ya mallaki wani yanki na wurin, ashe gado da tagar kallo kawai na saya. Na dube ka kana bin yaran da ke wucewa da ido. Na biya.

Daga nan abin bai sake tsayawa ba. Shekara ta gaba jirgin nan mai kifa mutane an ware shi, kuɗinsa daban ko da ka sayi hanyar sauri. Ta gaba kuma farashin ya koyi motsi, ya hau idan mutane sun yi yawa, ya sauka idan sun ragu, da safe wani, da la'asar wani. Kuma duk wanda aka shigar ta jan igiya, daga lokacin masu dogon layi aka yanko masa, don haka layinmu sai ƙara nauyi yake. Ka san ni, ko wannan ma sai da ya ba ni mamaki. A sito na ga an sayar da komai, daga taya har madarar jarirai, amma ban taɓa zaton za a iya ɗaukar jiran mutum a auna a sa masa farashi a sayar masa ba. Wanda ya ƙirƙiro wannan ba ƙaramin kai gare shi ba, ina jinjina masa, ina kuma roƙon Allah ya raba aljihunka da shi. Kuɗin kula da ginin da muke biya duk shekara kuwa bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa dawowa ƙasa ba, ko mun je ko ba mu je ba.

Ka lura da wannan sosai. Wanda ya zo baƙo, idan ya ga an tsawwala sai ya ce baɗi ma je wani wuri. Mai ɗaki ba shi da wannan bakin. Ya riga ya biya, dole ya zo, kuma sun san zai zo. Kafin ka mallaki abin da ke jingine da ƙofar wani, ka tambaya wa ke riƙe da makullin, kuma me zai hana shi ƙara kuɗi gobe. In amsar ita ce kirkinsa kawai, to ka san matsayinka.

Ba na ce abin banza ba ne ga kowa. Akwai wani Bakatsine da muke haɗuwa da shi a can, ɗan kasuwa ne a kasuwar Dira ta Riyad, hutunsa a hannunsa yake, yana da 'ya'ya da jikoki cike da ɗaki. Su ba ruwansu da lilo sosai. Matarsa ta tuƙa tuwo a kicin ɗin masaukin, yara su yi ta iyo, a shiga wurin wasa yini ɗaya a fito. Wannan ya ci ribar kuɗinsa, don da otal zai kama wa wannan runduna da ya ji jiki. Mu ma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙamshin miyar kuka ta Ummanka yana fita ta barandar da Turawa ke shan iska, har wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa ta tambayi mene ne. Amma dubi kanka. Sabon ma'aikaci ne kai, hutunka a bakin mudirinka yake, ba ka da mata balle rundunar yara. Kuma kai lilon kake so, lilon da aka mayar kowane hawa da kuɗinsa. Ɗakin ba zai rage maka ko sisi a kansa ba.

Na gwada sayarwa, kada ka ce ban gwada ba. Masu neman su rabu da nasu sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne kamfanin ya yarda ya karɓi abinsa kyauta, muddin ba ya bin mu komai. Ranar da na ji haka na yi ta juya kalmar nan har abada da saurayin ya faɗa mini. A ɗakin gahawa ta yi mini kama da alkawarin da suka yi mini, ashe ni ne na yi musu alkawarin. Shi kake so in sauke daga wuyana in rataya a naka, a watan da ka fara karɓar albashi.

Don haka amsata ita ce a'a, Abba. Ba zan mayar da shi sunanka ba. Na bana an riga an biya, kuma naka ne. In mudirinka ya bar ka, ka ɗebi abokanka ku je, ka hau duk abin da ranka ke so, ka bi ta jan igiya sau ɗaya ba tare da ka ji nauyi ba, ka yi wa wurin sallama da kyau, don ya ba mu farin ciki na gaske. In bai bar ka ba, kada ka roƙe shi, kada kuma ka yi musaya da komai. Daga nan zan mayar musu da kayansu.

Na san ba ɗakin ne ya dame ka ba. Ka ga gida zai watse, kai gabas, mu kuma nan da ɗan lokaci Funtuwa, kana neman abin da zai tilasta mana haɗuwa. Wallahi ban taɓa jin ina alfahari da kai kamar lokacin da ka faɗi maganar nan ba. Ina mamakin yadda yaron da nake ɗauka a wuya don ya hango faretin 'yan wasa ya zama mutumin da yake tunanin yadda zai riƙe iyayensa. Ka ma kawo hujja. Ka ce in muka daure, wata zai gama zagayensa makon ya dawo kan ƙaramar Salla kamar farko, lokacin kana da 'ya'ya, mu cika ɗakin. Gaskiya ka faɗa, zai dawo. Sai ya ratsa sauran watanni ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa azumi, sannan ya iso, nan da shekara ashirin ko kusa da haka.

Na zauna na ɗora shekara ashirin a kan shekaruna. Mahaifina, wanda sunansa ke kanka, bai kai nan ba. Rai a hannun Allah yake, mai yiwuwa in gani, amma ba zan jingina ganinka a kan wannan ba. Ban san Salla nawa ta rage mini ba. Na riga na zubar da da yawa a tsakanin kwalaye, kuma ba kamfanin da zai dawo mini da ko ɗaya. Abin da nake roƙonka ba ya bukatar saka hannu. Hutun farko da za ka nema, da na biyu, da duk wanda ya biyo baya, ka nema da Salla. Ko a zafi ta faɗo ko a sanyi, ko muna Suwaidi ko mun koma gida, ko a ƙasa za ka kwana. Idan mudirinka ya nemi wanda zai tsaya ranar Idi ya yi masa alkawarin ninki biyu, ka sunkuyar da kai ka bar wani ya ɗaga hannu. Na je wa nawa mudirin shekaranjiya na gaya masa ya nemi wani bana. Ina gida, zan jira ka.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da abokan arziki da shugaba mai adalci. Ya sa albarka a abin da za ka samu, ya hana ka sayen abin da zai mallake ka. Ya nuna mana jinjirin watan Shawwal muna raye, kana cikinmu. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kira Ummanka da zarar ka isa, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka.

Wassalam.

Mahaifinka.